Yadda Muka Ɗauko Motar Tanko Daga Maraɗi

Tun da na dawo ba a bar ni na zauna lafiya a kan keken ɗinkina ba. Wanda ya kawo riga sai ya tambaya, wanda bai kawo komai ba shi ma sai ya ja benci ya zauna, wai Malam Haruna yaya ƙasar Faranshi take, wai da gaske ne mota a can ta fi jaki araha? Wasu kuma na sani ba Maraɗin ce ta dame su ba, ɗinkin da ke goshina suke kallo. Na gaji da bayarwa guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya tafi ya ƙara masa gishiri. Jiya a kasuwa da kunnena na ji wani yana rantsuwa wai jandarmomi ne suka buɗe mana wuta. To bari in faɗe shi sau ɗaya tun daga tushe, wanda ya sake tambayata bayan wannan kuma kada ya ga laifina.

Don wanda bai san mu ba, shagona yana jikin garejin Lasisi ne a nan Funtua, kan hanyar tasha. Lasisi Bayarabe ne, amma a garin nan aka yanke masa cibiya, in ya yaɓa maka magana da Hausa sai ka kwana kana neman amsa. Da la'asar a ƙarƙashin ɗurumin garejinsa muke taruwa, mu masu ciwon mota. Yawancinmu ko keke mai kyau ba mu da shi, amma in ka ji mu muna gardamar wace mota ta fi wata hawan tudu, sai ka rantse kowa ya ajiye biyu a gida. A nan aka kawo zancen cewa Turawan Faransa masu sayen gyaɗa a Maraɗi, in za su koma garinsu, a wulaƙance suke sayar da motocinsu don ba sa son wahalar kai su bakin teku. Wani ya ce ai tuƙin can a baibai yake, hannun dama suke bi, ba hagu irin namu ba, sitiyarin ma a ɗaya gefen yake. Lasisi ya taɓe baki ya ce direba direba ne ko a ina, ai ba da gefen hanya ake tuƙi ba.

Mu dai hira muke yi, in an kira magariba kowa ya kaɗe rigarsa ya manta. Mutum ɗaya ne ya ɗauki zancen ya sa a ransa, wato Tanko. Bamaguje ne daga wani ƙauye bayan Kafur, manomi na ƙwarai, in ya kawo auduga Funtua yakan tsaya wurinmu ya yi ta shafa motocin da aka kawo gyara. Mahaifinsa Baba Nomau ya tsufa, bayansa ya ranƙwafa, ya daɗe da sakar masa gandun gidan. Gida ne mai baki da yawa, mata da yara da gwauraye, abin da ke riƙe da shi kuwa shanun huɗa ne guda biyu. Da su ake huɗe gonar nan tasu da ba a ganin ƙarshenta, da su kuma ake yi wa maƙwabta ƙwadago.

Ana cikin zafin bazara, bayan an gama cinikin auduga, sai ga Tanko ya zo ya tsuguna a gabanmu ya ce ya sayar da shanun. Ya haɗa da kuɗin audugarsa, motar a-kori-kura zai saya a Maraɗi, ya riƙa jigilar kaya da mutane tsakanin kasuwannin Kafur da Malumfashi da Dayi. Kafin ruwa ya sauka ya tara abin da zai yi hayar shanu bana, baɗi ya sayi waɗanda suka fi na da. Wallahi raina ya ɓaci, na yi masa tas a gaban mutane, na ce kai wane irin mutum ne da za a yi hira a inuwa ka je ka kwance abincin gidanku? Na tambaye shi abin da tsohon ya ce. Ya ce bai ce komai ba, ya dai tashi daga inda ake maganar ya shiga ɗakinsa. Wannan shirun ya fi tayar mini da hankali a kan a ce zaginsa ya yi.

Lasisi ne ya katse ni. Ya ce faɗa ba zai dawo da shanu ba, tunda sun tafi sai a tabbatar motar ta zo, kuma shi zai je ya tuƙo ta, tunda Tanko ko sitiyari bai taɓa riƙewa ba. Ni kuma aka ɗora mini tafiyar saboda ina da kawu a Maraɗi, ina kuma ɗan karanta boko. Ni na ɗinke kuɗin a cikin wani tsumma dogo, Tanko ya ɗaura a ƙugu ƙarƙashin riga.

Babbar motar katako muka hau zuwa Katsina, muna bisa buhunan dawa. Hanyar kun san ta, ba sai na ɓata bakina ba. Abin da na lura da shi kawai, tun daga Malumfashi har Kankiya mutane na ta sharar gona suna ƙona kara, shi kuwa Tanko duk inda muka wuce masu shara sai ya juya fuskarsa ɗaya gefen. Hannunsa bai bar ƙugunsa ba, har wata tsohuwa da ke kusa da shi ta tambaye shi ko ciwon ciki yake yi, ta ba shi kanwa. Muka kwana a Katsina wurin wani ɗan'uwan Lasisi mai sayar da taya, da safe muka shiga motar wani Bamaraɗe da ke zuwa can ta Jibiya.

A iyaka ne muka fara gamuwa da wahala. Namu 'yan kwastan ba su tsananta ba, suka ɗaga sandar da suka gitta muka wuce. Na can kuwa, da ake kira duwan, Katsinawa ne 'yan'uwanmu, bakinsu irin namu, amma fuska babu annuri ko kaɗan, ga gajeren wando ga doguwar hula. Suka sauke mu duka suka jera a rana, ana lalube mutum ɗaya bayan ɗaya. An riga an gaya mana in suka ga kuɗin Ingila masu yawa a jikin mutum sukan riƙe, sai ka yi ta zarya. Da aka zo kan Tanko hannunsa ya tafi ƙugu da kansa, ma'aikacin kuwa ya gani. Ya taɓa wurin da sandarsa ya ce mene ne wannan. Ni dai na fara karanta duk abin da ya zo bakina.

Tanko ya dube shi ido cikin ido ya ce, "Guruna ne, ranka ya daɗe, na gado. Ni ba na kwance shi a rana. In kana so ka kwance da hannunka."

Mutumin ya dubi tsagar fuskarsa, ya dubi layun da ke damtsensa, ya tambayi sunansa da na ubansa. Da ya ji, sai ya janye sandar ya goge ta a jikin wandonsa, ya ce mu wuce. Tanko ya riga kowa hawa mota.

Tsakanin shingen namu da nasu babu wata alama da aka kafa, sai dai ka ga direba ya zare daga hagu ya koma dama kamar ba komai. Lasisi a gaba yake zaune kusa da direban. Mota ta farko da ta taho mana, ya ga kamar a kanmu za ta ƙare, sai ya taka ƙasa da ƙarfi yana neman birkin da babu, ya kai hannu ya damƙi hannun direban. Motar ta yi tangal-tangal, mata suka sa salati. Bamaraɗen ya tsaya ya zazzage shi, ya ce in ya sake taɓa shi a nan dajin zai sauke shi, su mutanen Ingila kullum haka suke. Daga nan har Maraɗi ban sake jin Lasisi ya ce direba direba ne ba.

Kawuna Idi fatu yake saye, don haka zauren da ya sauke mu warin jima yake yi, ga ƙuda. Amma mutum ne mai karamci, ya yanka mana zabi. Tuwonsu na gero ne, ni da na saba da na dawa sai na ji kamar da yashi a ciki, furarsu kuwa ban taɓa shan irinta ba, wannan na ba su. Abin da ya ba ni mamaki burodinsu ne, dogo kamar taɓarya, ɓawonsa na yanka dasashi, kuma haka za ka ga babban mutum da rigarsa ya saƙalo shi a hammata tsirara babu ko takarda. Lissafin kuɗinsu da dala ne, in mai tebur ya faɗi kuɗin abu sai ka tsaya kana ninkawa a ka, kafin ka gama ya cuce ka. Ma'aikatansu kuma da rana ta take sai su rufe ofis su tafi barci, ko gobara ake yi ba za su buɗe ba sai rana ta yi sanyi. Wannan barcin nasu da farko dariya ya ba ni, ban san shi zai zame mana masifa ba.

Kawu ya haɗa mu da dillali, dillali ya kai mu gidan wani Bature ma'aikacin kamfanin gyaɗa da ke ta ɗaure kayansa a akwatunan katako. Ga motar nan a ƙarƙashin rumfa, a-kori-kura ruwan toka, an ɗan ci ƙarfinta amma babu inda ta lotsa. Lasisi ya tashe ta ya kafa kunne, ya shiga ƙarƙashinta ya daɗe, ya fito ya murza baƙin mai a yatsunsa. Ya raɓo kusa da ni ya raɗa mini cewa lafiyarta lau, in muka bar ta mun yi asara. Sannan ya miƙe ya ce wa dillali da ƙarfi wannan ai gwangwani ce, ko kyauta aka ba shi sai ya yi shawara. Baturen ba ya jin Hausa sosai amma ya gane, fuskarsa ta yi ja. Na ji tsoro kada ya kore mu.

Bai kore mu ba, cikin gida ma ya shigar da mu. Ya zuba wata jar giya a kofin gilashi ya miƙo, ni da Lasisi muka ce mun gode. Tanko ya karɓa ya kurɓa, ya yamutsa fuska ya ce a gaya wa Bature in ya zo ƙauyensu zai ba shi ta gaskiya, wannan ai tsamiya aka jiƙa. Da dillali ya juya masa maganar, Baturen ya yi dariya har da buga tebur, a kan wannan dariyar aka sallama. Na farke ɗinkin da na yi da hannuna, kuɗin suka tashi daga ƙugun Tanko suka koma aljihun Bature. Da muka fito sai muka tarar da wani ƙaton kare zaune a kujerar gaba, ashe wurin zamansa ke nan kullum, matar Baturen har da hawayenta wajen sauko da shi. Na ce ni kam ba zan zauna a nan ba sai an wanke da sabulu. Tanko bai ma ji ni ba, ya ɗora tafinsa a kan bonet yana shafawa.

Mun ɗauka washegari za mu kama hanya. Ashe ba a fita da mota daga ƙasar sai da takardar da wani babba zai sa wa hannu, babban kuwa wai ya tafi rangadi. Mu je da safe a ce mu dawo da yamma, mu je da rana mu tarar ana barci, mu je da yamma a ce gobe. Mako ya shige, wani ya kama. Gabas ta fara haɗa hadari tana warwarewa. Direbobin da ke zuwa daga wajenmu suka ce an yi ruwa a ƙasar Zariya, har wasu sun fara huɗa. Duk ranar da ta wuce a zauren nan rana ce da motar ya kamata tana kasuwa tana tara kuɗin hayar shanu. Tanko ya daina cin abinci, in an kawo sai ya tsakura ya ture. Kullum sai ya fita ƙofar gida ya tsaya yana kallon sama. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma bai sake ni ba.

Lasisi ne ya ce zaman nan zai haukata mutumin, gara ya fara koya masa tuƙi tunda dama sai ya koya. Suka fara a wani fili bayan rumbunan gyaɗa, daga baya suka riƙa fita hanyoyin bayan gari. Ban taɓa ganin wanda hannunsa ya faɗa da wuri kamar Tanko ba. Mutumin da ya saba bin bayan shanu yana fitar da kunyar gona a miƙe, riƙe sitiyari bai ba shi wuya ba. Wanda hanyar ta wahalar shi ne malamin nasa. Wata rana Lasisi na tuƙi muka iso shataletalen tsakiyar gari, sai ya shige ta hagu yadda ya saba, muka yi kiciɓis da motar wani Balarabe, saura ƙiris. Jandarma ya busa usur, ya fizge lasin Lasisi ya sa a aljihu, ya ce a kulle mu da motar gaba ɗaya. Sai da Kawu Idi ya zo da wani dattijon unguwa aka yi ta ba da haƙuri har rana ta karkata, sannan aka sake mu, aka mayar wa Lasisi lasinsa.

Tun daga ranar Lasisi ya tsorata. In suka fita, da ya hango mota ko da nisa sai ya fara, dama, dama, dama, yana bugun cinyar Tanko. Ni da ke gefe na san ba Tanko kaɗai yake gaya wa ba, har da kansa. Safe da yamma haka ake yi, har yaran unguwa suka riƙa bin mu suna waƙa da shi. Tanko ko sau ɗaya bai kuskure ba. Da ya ga mota hannunsa ke tafiya dama tun kafin a faɗa, Lasisi har yana yabonsa, yana cewa ga Bamaguje ya fi shi iya tuƙin Faranshi.

Da babban ya ga dama ya dawo, sa hannun bai ɗauke shi lokacin shan ruwa ba. Ranar muka yi sallama da Kawu muka taso, Lasisi na tuƙi. Duwan suka duba takarda suka ɗaga mana sanda. Namu 'yan kwastan da suka bar mu muka wuce salin-alin da za mu tafi, su suka tsare mu da za mu dawo, suka yanka wa motar haraji, ɗan abin da ya rage wa Tanko ya tafi a nan. Ya zamana babu shanu, babu kuɗi, sai motar kaɗai. Da muka bar shingen Lasisi ya zare ya koma hagu, ya yi ajiyar zuciya ya ce yau ya dawo cikin mutane.

Sai dai wata wahalar ta ɓullo. Sitiyarin yana hagu, mu ma hagu muke bi, don haka direba a bakin daji yake, ba ya ganin abin da ke tahowa in yana bayan babbar mota. Ni da ke bakin ƙofar dama ni na zama idonsa, in zai wuce mota sai na leƙa na ce taho ko koma. Duk motar da ta gifta kuwa a jikin kafaɗata take wucewa. Na yi salati a hanyar nan fiye da wanda na yi a azumin bana.

Daga Kankiya muka fara jin ƙanshin ƙasa. Kafin mu kai Dayi ko'ina ya jiƙe, gonaki dama da hagu cike da mutane, shanu biyu-biyu suna ta jan garma. Tanko yana tsakiyarmu yana kallo, wannan karon bai juya fuska ba. A nan ya fara roƙon Lasisi ya ba shi motar. Lasisi ya ce a'a, Tanko ba shi da lasin, a bari sai an yi masa gwaji. Muka tsaya shan mai a Malumfashi, jama'a suka yanyame mu suna leƙen sitiyarin da ke baibai, cikinsu har da mutanen ƙauyen su Tanko da suka zo kasuwa. Suna ta yi masa barka, wani ya hau keke ya ce bari ya riga mu ya kai labari. Tanko ya ja Lasisi gefe, ni ma na matsa.

Ya ce, "Lasisi, wannan motar ita ce shanun gidanmu. In na shiga gari wani ne ke jan su, ina zaune a gefe kamar ɗan haya, da wane ido zan dubi Baba?"

Lasisi ya waiwaya ya dubi mutanen ƙauyen da ke kewaye da motar. Can ya ce to, amma sai an fita gari, kuma shi zai zauna a tsakiya kusa da shi. Da muka hau hanyar Kafur ya tsaya suka yi musanya. Kada wani ya ce ba a gaya masa ba. Lasisi ya riƙe kunnensa ya ce nan gida ne, nan hagu ake bi, ya sa shi ya maimaita. Ni ma na faɗa har sau nawa. Tanko ya yi dariya, dariyar farko da na gani a bakinsa tun Maraɗi, ya ce shi da aka haifa a nan za a gaya wa hannun garinsu?

Kun san hanyar, burji ce, kowa tsakiya yake bi inda taya ta daddale, sai an haɗu ne kowa ke komawa hannunsa. Tanko ya tafi sumul. Ya wuce masu jakuna, ya wuce mai keken nan da ya ce zai riga mu, har ya danna masa oda. Ya fara nuna mana gonakin mutanen da ya sani. Hankalina ya ɗan kwanta, har na fara tunanin abin da zan faɗa muku a ƙarƙashin ɗurumi.

Akwai wata kwana kafin kwalbatin rafi, itatuwa sun rufe ta. Muna shan kwanar sai ga babbar mota a gabanmu, maƙare da buhuna, mutane a sama, tana tsakiyar hanya kamar yadda muke. Direbanta ya yi abin da kowane direban ƙasar nan zai yi, ya kauce hagunsa. Tanko kuwa hannunsa ya tafi dama. Ba shawara ya yi ba, na ga fuskarsa, hannun ne ya tafi inda aka koya masa. Hagun mai babbar mota da damarmu wuri ɗaya ne, kuma a gefena yake. Na ga ƙarfen gabanta yana cika gilashi. Lasisi ya yi ihu ya faɗa kan sitiyarin ya fizgo hagu, Tanko na ja yana ja. Muka gitta a hanya, babbar motar ta daki bayanmu, motarmu ta juya ta tafi da baki ta rungumi kan kwalbatin, ta gangara cikin rafin ta kwanta a gefenta.

Abin da na fara ji bayan nan ƙarar ruwan lagireto ne yana tsiyaya a kan ƙarfe mai zafi. Mutanen babbar motar suka zaro mu ta taga. Ni gilashi ya tsaga mini goshi, jini ya rufe mini ido. Lasisi ƙashin kafaɗarsa ya karye, hannun na lilo. Tanko ko ƙwarzane babu. Direban ya sauko da zagi a bakinsa, da ya ga inda sitiyarin yake, ya ga mutumin da ke tsaye a cikin ruwa yana ƙoƙarin ɗaga mota shi kaɗai da hannu, sai ya haɗiye zaginsa. Shi ya kwashe mu zuwa asibitin Malumfashi. Kafin a ɗora Lasisi sai da ya sa aka riƙe shi ya leƙa ƙarƙashin motar. Injin ya tsage, ƙarfen ƙafar gaba ya karye biyu, kayanta kuwa ko a Kano babu mai sayarwa. Bai gaya wa Tanko ba, ni ya kalla ya girgiza kai.

Aka ɗinke ni, aka ɗaure Lasisi aka kwantar. Tanko ya kwana a barandar asibitin, da safe na same shi zaune inda na bar shi. Ya ce shi ba zai koma gida ba, Kaduna zai tafi ko wani wuri ya yi dako. Na ce ƙarya kake, ka tashi. Na ari keke na goya shi, kaina na sara, muka bi hanyar nan dai, muka wuce motar a cikin rafi mutane sun kewaye ta. Bai ɗaga kai ba.

Ba mu shiga gidan ba, don wata mata a bakin rijiya ta ce mana kowa na gona. Gonakin maƙwabta duk an huɗe, sun yi baƙi, wasu har an shuka. Tasu ce kaɗai a kwance fari fat. Can a gefe guda muka hango matan gidan sun tsaya cirko-cirko, a gabansu kuma Baba Nomau ne, tsohon da ya yi shekaru bai taɓa ƙota ba, da garmar hannu yana huɗa. In ya sara sau biyu sai ya dafa gwiwa ya huta. 'Yan kunyoyin da ya yi tun safe ba su fi a rufe su da tabarma uku ba. Labari ya riga mu zuwa, na gane daga yadda babu wanda ya yi mana sannu.

Tanko ya je ya durƙusa a gabansa. Na gaishe da tsohon, ya amsa mini da ka. Ya sa hannu ya shafa kafaɗun ɗansa, ya matsa damatsansa, ya ce ya miƙe tsaye ya gani.

"Babu inda ka karye?"

"Babu, Baba."

"To karɓi."

Ya miƙa masa garmar. Da ya saki ƙotar na ga tafin hannunsa ya saɓule, ƙotar duk jini. Ya so ya taka zuwa inuwa ƙafafun suka ƙi, sai ya zauna a nan cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, matan suka zo suka kama shi. Tanko bai ko tuɓe rigar tafiya ba, ya sunkuya ya fara sara daga inda tsohon ya tsaya.

Babu wanda ya ce in zauna, ni ma ban ga wurin zama ba. Na ja keken aron na fita. Da na kai bakin hanya na waiwaya, bai kai ƙarshen kunya ɗaya ba tukuna, gonar kuwa har bakin rafi take.